Ba A Maganar Kuɗi A Teburin Lahadi

Gavin ne ke yanka naman, kamar kowace Lahadi tun rasuwar mahaifinsu. Ya naɗe hannun riga yana wasa wuƙa, yana ba da labarin abokinsa da ya zame ya faɗa tafki a filin wasa, matarsa Paula tana ta dariya kamar yau ta fara jin labarin. Mahaifiyarsu Doreen tana kai da kawowa tsakanin kicin da teburi. Lorna kuwa ko cokali ba ta taɓa ba. Jakarta na kan cinyarta, a ciki akwai ambulan mai ruwan ƙasa, irin wanda duk mutumin garin Hull na Ingila ya san inda ya fito tun kafin ya buɗe.

"Gavin," ta ce, "ofishin haraji sun rubuto mini."

Wuƙar ta tsaya a cikin naman.

Doreen ta dire kwanon romo. "Lorna, ba a maganar kuɗi a teburin nan. Babanku bai yarda ba, ni ma ban yarda ba. Miƙo farantinki."

"Mama, fam dubu tamanin da bakwai suke nema a wurina."

"Na ce miƙo farantinki. Dankalin zai huce."

Ta miƙa. Shekararta hamsin da uku, ta wanke gawa, ta riƙe hannun masu cikawa ba adadi a asibiti, amma a gaban wannan teburi ba ta wuce yarinyar da ake cewa ta gyara zama ba.

Sai bayan an ci an ƙoshi ta ritsa yayan nata a ƙofar baya, inda yake laɓewa ya sha taba.

"Kai ka kawo mini takardun nan har gida," ta ce. "Kai ka ce kamfanin da kake yi wa talla zai riƙa karɓar kuɗin aikina ya ba ni ɗan albashi kaɗan, sauran kuma a kira shi rance, rancen da ba za a taɓa cewa in biya ba, kuma ba a cire haraji a kan rance. Ka ce manyan lauyoyi sun duba. Na tambaye ka har sau biyu."

"Kuma gaskiya na faɗa miki, a lokacin." Ya busa hayaƙi gefe. "Dokar ce suka canza, suka sa ta shafi shekarun baya. Wa ya taɓa jin haka? Ni na rubuta doka?"

"Sun ce duk abin da na karɓa a shekarun nan albashi ne, in biya harajinsa gaba ɗaya. Ina zan samo? Ba ni da komai sai gidan."

"Babu mai taɓa gidanki." Ya dafa kafaɗarta da hannun da ke riƙe da tabar. "Barazana ce kawai, haka suke yi wa kowa. Bar mini shi a hannuna, Lorna tamu. Yaushe na taɓa barin ki a rana?"

Ta koma gida da ragowar nama a nannaɗe, zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta fita bayan gida ta tsaya gindin bishiyar tuffa, inda ta binne akwatin tokar marigayi mijinta Keith bayan an ƙone gawarsa, kamar yadda ya roƙa. A wurin take kai masa labarin duniya kullum in ta taso aiki.

"Gavin ya ce zai gyara," ta ce masa.

Bai gyara ba. Ta kira shi ran Talata, yana taro. Ta kira ran Alhamis, yana tuƙi. Da kanta ta kira ofishin harajin, ta yi ta jiran layi ana kaɗa mata kiɗa har shayinta ya yi sanyi. Matar da ta ɗauka mai ladabi ce ƙwarai, har haƙuri ta ba ta, amma maganar ba ta canza ba: doka ce, kuɗin ruwa na hawa, in ba a daidaita ba za a kai ga gidan.

Lorna ta fara haɗa aikin safe da na yamma. Kamfanin da ke tura ma'aikatan jinya asibitoci ya riƙa jefa ta duk inda aka rasa mutum, ba ta taɓa cewa a'a ba. Ta sayar da motar Keith. Ta daina kunna na'urar ɗumama ɗaki, ta koma kwana da rigar sanyi biyu. Ƙafafunta suka kumbura har ta yanka bakin takalmin aikinta da almakashi.

Abin da ya fi ciwo kuwa a ɗakin shan shayin ma'aikata yake. Da ta shigo hira take mutuwa. Mata biyar ne a wurin da suka shiga tsarin nan saboda ita. Ita ta kawo musu Gavin, ya zo da kwalin kek da murmushinsa, ya zauna a kujerar nan ta kusa da taga yana kiran kowacce da sunanta.

Bev Marfleet, ƙawarta tun makarantar koyon jinya, ita ce ba ta iya ɓoye abu a ciki. Ran nan ta tare ta a bakin ƙofa, kofi a hannu.

"A'a, ga gimbiyar masu dabara. Ina yayan naki mai kek? Ki ce masa na fasa bikin 'yata, ko zai aiko mana da wani kwalin mu ci mu yi murna."

"Bev, ni ma abin da ya same ki ya same ni. Nawa ma ya fi naki."

"To sai in yi rawa? Ke kika ce, 'Gavin ɗinmu ba zai cuce mu ba.' Da bakinki. Da wani ƙato ne daga titi da na kore shi da tsintsiya." Muryarta ta karye, ta yi saurin kurɓar shayi don kada a gani. Can ta ce, "Akwai taro ran Asabar a zauren cocin unguwarmu. Wata lauya za ta zo. In kina da sauran kunya, ki zo."

Ta je. Zauren cike yake da mutane irin ta: masu gyaran injin jirgin ruwa, masu aikin kwamfuta, malaman wucin gadi, duk 'yan kwantiragi, kowa da ambulan ɗinsa mai ruwan ƙasa, kowa yana kallon ƙasa kamar an kama shi da sata. Lauyar, wata siririyar mata mai suna Farrow, ba ta yi musu zaƙin baki ba. Ta ce haraji kam sai an biya. Amma waɗanda suka sayar musu da tsarin, suka yanki rabonsu daga kowane albashi, babu wanda ya aika musu da ko takarda ɗaya. Su ake so a kai kotu.

Da aka tashi ta ja Lorna gefe, don Bev ta riga ta tsegunta mata.

"An ce ɗan'uwanki yana cikin masu tallar abin. Hanya biyu ce. Ko dai ya zo da ƙafarsa ya ba da shaida cewa kamfanin ya san abin zai fashe, sai mu kama manyan, mu nemi a dakata da maganar gidajenku har a gama shari'a. Ko kuma ke ki sa hannu, mu haɗa da shi cikin waɗanda ake ƙara."

"In kai Gavin kotu?" Lorna ta ja da baya. "Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Shi ma yaudararsa aka yi. Zai zo ya ba da shaida, na san shi."

"Allah ya sa," in ji lauyar, tana rufe jakarta. "Amma ya hanzarta. Ofishin haraji ba zai jira ɗan'uwan kowa ba."

Lahadi ta zo, Lorna ta haɗiye maganar har aka kwashe faranti, sannan ta bi shi ƙofar baya. Gavin ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce shawara ce mai kyau, bari ya nuna wa nasa lauyan. Lahadi ta gaba lauyan nasa ya tafi hutu. Ta gaba kuma ciwon baya ya hana shi sukuni, don Allah ta bari ya ji da abu ɗaya. Wata Lahadin ma bai fita shan tabar ba sam, ya ce ya daina, ya zauna daram a teburi kusa da uwarsu, inda ya san ba a isa a taɓo maganar ba. Doreen ta yi ta ƙara masa romo tana yaba masa da ya bar taba.

Ana cikin haka wata takardar ta iso, wannan karon fara. Wani kamfani ne da Lorna ba ta taɓa jin sunansa ba. Wai ya sayi basussukan tsohon kamfanin, don haka rancen nan da aka ce ba za a taɓa nema ba, yanzu ana nema. Ta zauna a kan matakala tana karantawa tana sakewa. Ofishin haraji ya ce kuɗin albashi ne, ta biya haraji. Waɗannan sun ce rance ne, ta mayar. Guminta ɗaya, masu shi biyu, ita ce kawai ba ta da rabo a ciki.

Lahadin da ta biyo baya ita da Paula ne a wurin wanke-wanke. Paula ta sha giya kofi biyu, bakinta ya saki. Ta dubi kumburarrun ƙafafun Lorna ta girgiza kai.

"Kin rame, Lorna. Abin nan yana cin ki. Ni kam kullum ina gode wa Allah da Gavin bai sa nasa albashin a ciki ba."

Lorna ta tsaya da faranti a hannu, kumfa na zuba. "Bai sa nasa ba?"

"Ina! Tun ranar farko ya ce mini, 'Paula, wannan abu wata rana sai ya tashi da mutane, ko fam ɗaya nawa ba zai shiga ba.' Shi harajinsa tsaf yake biya, kin san shi da tsoron..." Sai ta ga fuskar Lorna. Ta kai hannu bakinta. "Wai ba ki sani ba? Na ɗauka Mama ta... Kai, ni da bakina. Bari in ɗora ruwan shayi."

Lorna ta ajiye farantin a hankali, ta goge hannu, ta ɗauki jakarta ta fita ta ƙofar baya ba ta yi wa kowa sallama ba.

Ran Laraba ta dawo, lokacin da ta san uwar ita kaɗai ce. Ta same ta a ɗakin gilashin da Gavin ya gina mata a bayan gida, ɗakin da Doreen ke nuna wa duk baƙon da ya shigo. Tana zaune cikin rana da bargo a gwiwa tana saƙa.

"Mama, kin san Gavin bai sa kuɗinsa a tsarin nan ba?"

Allurar saƙa ba ta tsaya ba. "Ni ban san harkokinku ba."

"Paula ta ce kin sani."

"Paula in ta sha ba abin da ba ta faɗa." Ta ja zare. "To in ma na sani fa? Ya ce mini ke kina bukatar ƙarin kuɗi a lokacin, Keith na kwance. Taimakonki ya yi. Kin karɓa kin kashe, ba ki ce komai ba sai yanzu."

"Magani na saya da shi, Mama. Da kuɗin motar kai shi asibiti. Kuma daga kowane albashina Gavin yana da la'ada. Daga na Bev ma, da na sauran. Wannan ɗakin da kike zaune a ciki, da me kike tsammani aka gina shi?"

"Kada ki kawo mini rashin kunya cikin gidana." Yanzu kam ta ajiye saƙar. "Ɗana ya gina mini ɗaki, sai ya zama laifi? Ke me kika gina mini?"

Lorna ta durƙusa a gaban kujerar, abin da ba ta yi ba tun tana yarinya. "Ba faɗa na zo yi ba. Ki ce masa ya je ya ba da shaida. Maganarki kaɗai yake ji. In ya je za a dakata da maganar gidana. Keith yana bayan gidan nan, Mama. Ina zan kai shi?"

Doreen ta kau da kai ta dubi lambu. Da ta yi magana muryarta ta yi laushi, laushin da ya fi tsawa zafi.

"In ya ba da shaida sunansa ya ɓaci, aikinsa ya tafi. Yana da 'ya'ya biyu a jami'a, yana da mata. Ke kuwa ke kaɗai ce, 'yar nan. Ɗaki ɗaya ya ishe ki. Kuma ke mai ƙarfi ce, tun kina ƙarama ke ce mai jurewa. Gavin ɗinmu ba ya iya ɗaukar wahala, kin san shi." Ta shafa kan Lorna. "Tashi ki ɗora mana ruwan shayi. Akwai biskit a gwangwani."

Ko a nan Lorna ba ta je wurin lauya ba. Ta ɗauki waya sau da yawa ta ajiye. In ta rufe ido sai ta ga Gavin yana ɗan shekara goma ya goya ta a baya sun tsallake kwata, ta ga uwarsu tsohuwa a kujerar kotu. Ta ce wa kanta gida bulo ne da katako, ba za ta rushe dangi a kansa ba.

Da takardar ƙarshe ta zo daga ofishin haraji, Gavin da kansa ya kira ta, karo na farko cikin watanni.

"Na ji halin da ake ciki, Lorna tamu, ban yi barci ba. Kada ki bari su yi gwanjonsa, za su sayar a wulaƙance. Na san wani kamfani mai sayen gidaje, kuɗi a hannu, babu jeka-ka-dawo. Farashin bai kai yadda kike so ba, amma zai rufe harajin ki huta. Na roƙe su saboda ke."

Farashin ya yi ƙasa ƙwarai da abin da maƙwabta suka sayar da nasu. Amma kuɗin ruwa na hawa kullum, ga masu farar takarda sun fara kira har wurin aiki. Ta sa hannu. Har godiya ta yi masa, ta ce a ranta wataƙila wannan ce hanyarsa ta neman gafara.

Ran Asabar ɗin da za ta tashi, tana cikin naɗe kofuna da tsohuwar jarida, aka ƙwanƙwasa. Wani magini ne jibgege da fensir a bayan kunne da abin awo a hannu.

"Yi haƙuri, uwargida, an ce mini gidan ba kowa. Awo kawai zan yi in tafi, ba zan taka miki komai ba."

Ta ba shi hanya. Ya yi ta ja yana rubutawa a bayan hannunsa, yana surutu kamar rediyo.

"Gida mai kyau, an riƙe shi da tsabta. Kaico, za a yayyanka shi. Falon nan ɗaki biyu zai koma, sama uku, duk na haya, ɗalibai. Bayan gida kuma a sare bishiyar a zuba siminti, wurin ajiye mota. Ran Litinin za mu fara. Mista Sowerby ba ya son ɓata lokaci."

Sowerby. Sunan gidansu, wanda ta amsa har ranar aurenta.

"Wane Sowerby?" ta ce.

"Gavin. Mai kamfanin. Dogo haka, mai son ba da labari. Wannan ne na huɗu da zan yi masa, duk na mutanen da haraji ya kama. Yana da hanci, mutumin nan, ban san yadda yake jin labarinsu tun kafin kowa ba." Ya ɗago. "Lafiya, uwargida? Ko in ɗauko miki kujera?"

"Lafiya lau," in ji Lorna. "Kana da shebur a motarka?"

Ya ce zai haƙa mata, ta ce a'a. Ita ta binne, ita za ta tone. Ƙasar ta yi tauri, saiwoyin tuffa sun naɗe akwatin kamar ba sa so su saki. Ta yi ta sara tana ja, hannunta ya yi bororo ya fashe, ruwan sama ya fara sauka bai sa ta tsaya ba. Da akwatin ya fito ta rungume shi da lakarsa da komai, ta zauna a kan ciyawa. Maginin ya cire hularsa, ya koma mota ya bar ta.

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ciki ta wanke hannu ɗaya, ta ɗauki waya ta kira Bev.

"Kina da lambar lauyar nan ta gida?"

Ran Lahadi ta iso a makare, har an zauna. Gavin na tsaye da wuƙarsa, Paula na zuba giya, Doreen na cewa ai ga ta nan, kullum sai an jira ta. Lorna ta wuce kujerarta, ta je wurin da Keith ke zama shekara da shekaru, ta dire akwatin a kan farin mayafin teburi. Busasshiyar laka ta zube har cikin kwanon kabeji.

"Me ye wannan?" in ji Doreen. Sai ta gane. "Ɗauke abin nan daga teburina!"

"Abu? Keith ne, Mama. Shekara nawa yana zama a nan yana yabon romonki ko da ya yi gishiri. Wanda ya sayi gidanmu ya tashe mu, ni da shi, gobe za a zuba masa siminti. Na ce bari mu zo mu gaishe da mai gidan."

Paula ta dubi mijinta. "Gavin, me take nufi?"

Gavin ya ajiye wuƙar, ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Lorna, zauna, kin gaji ne. Da ma yau nake shirin gaya miki. To da wa kike so ya saya? Bare? Dole wani ya saya. Na ga gara ya tsaya a cikin dangi. Ɗakin sama na baya naki ne, haya mai sauƙi, ba zan karɓi kuɗin ajiya a hannunki ba. Bishiyar kuwa na manta ne, na rantse na manta. Da kin tuna mini."

"Ka ji ko," in ji Doreen da sauri. "Saboda ke ya yi. Gidan bai fita daga hannunmu ba. Yanzu ki sauke... ki sauke Keith, mu ci abinci kamar mutane. Ba a maganar kuɗi a..."

"Na sani, Mama. Tun ina yarinya nake ji." Lorna ba ta ɗaga murya ba. "Ba a maganar kuɗi a teburi, shi ya sa ban taɓa tambayar Gavin nawa yake samu a kaina ba, rashin ladabi ne. Ba a maganar kuɗi, shi ya sa ya zauna kusa da ke wata da watanni yana cin nama ina kallonsa. Dokar nan ba ta taɓa kare kowa a gidan nan ba sai shi." Ta juya ga yayanta. "Ka sayar mini da abin da kai ba ka yarda ka taɓa ba. Ka ci la'ada a kan gumina ina jinyar mijina. Da abin ya fashe ka tsaya a gefe har na faɗi, sannan ka sunkuya ka tsince gidana. Kuma na gode maka, Gavin. A waya na ce maka na gode."

"Kowa da kansa ya sa hannu," ya ce, fuskarsa ta yi ja. "Ban riƙe hannun kowa ba. Ke ba yarinya ba ce."

"Haka ne. Jiya ma da kaina na sa hannu, a gidan Lauya Farrow. Ni da Bev da sauran huɗun. Sunanka ne na farko a takardar. Za su kira magininka, za su kira Paula ta maimaita abin da ka gaya mata tun ranar farko."

Kofin Paula ya kife, giya ta bi mayafin ta haɗu da lakar.

Doreen ta miƙe. Lorna ta ɗauka, ko da sau ɗaya, wurinta za ta zo. Sai tsohuwar ta zagaya teburin ta kama hannun Gavin da hannu biyu.

"Ɗan'uwanki," ta ce. "Jininki. A kan gida? In kika fita da wannan magana kada ki sake zuwa mini Lahadi."

Lorna ta dube su su biyun, uwa da ɗa, ga hasken ɗakin gilashi a bayansu. Ta ɗauki akwatin ta rungume. Inda ya zauna ya bar tabo mai kusurwa huɗu a kan farin mayafin.

"A jiƙa shi da ruwan sanyi," ta ce. "In aka sa na zafi ba ya fita."

Bev na jira a bakin titi cikin tsohuwar motarta, injin na kunne. Ta miƙa hannu ta buɗe ƙofa, ta dubi Lorna, ta dubi akwatin.

"Sun ba shi abinci?"

"Ko faranti ba su sa masa ba."

"Marowata. Shigo da shi, ki ɗaura masa bel, ba na son 'yan sanda. Ɗakin 'yata ba kowa tun da ta bar gida, ku biyu za ku iya, shi ba ya minshari." Ta sa giya, motar ta yi tari ta tashi. Sai da suka sha kwana ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Har yanzu ina fushi da ke, ki sani."

"Na sani."

Gidan kam ya tafi, lauya ta riga ta gaya mata ko an ci shari'a ba zai dawo ba. Harajin an biya shi har fam ɗin ƙarshe, masu farar takarda kuma suna nan suna kira. A duk tsawon abin nan babu ambulan ko ɗaya da ya taɓa sauka a ƙofar wanda ya sayar da tsarin, na farko shi ne wanda ƙanwarsa ta aika masa. Washegari da safe aka sare bishiyar tuffa. Lorna ba ta gani ba, tana asibiti tana juya wani tsoho a gado kada bayansa ya yi gyambo.

Lahadin da ta biyo baya Doreen ta shimfiɗa sabon mayafi, ta jera faranti uku. Gavin ya yanka naman. Babu wanda ya yi maganar kuɗi.